Maimaita Maganata Tukuna

Darbanga, watan Fagun

Baba,

Ina taɓa ƙafafunka daga nesa, ina neman albarka. Ina fata ciwon gwiwar ya yi sauƙi tunda sanyi ya fara janyewa. A gaishe mini da Gwaggo Fulmati, a ce mata man kaɗanyar ƙasar nan bai kai wanda take haɗawa ba.

Gara ka ji wannan magana daga wurina kafin dagaci ya kawo maka ita da ƙarin gishiri. Ofishin lafiya na gunduma ya yarda ya turo wa ƙauyenmu ma'aikaciyar jinya wadda ta iya karɓar haihuwa. Sharaɗinsu shi ne gari ya ba da ɗakin bulo a kan tudu, inda ambaliya ba ta kaiwa. Ka sani, na sani, duk Belauna ɗaki ɗaya ne haka, wato makarantar da kakanka ya gina. Ni ce na rubuta wa majalisar gari na ce a ba da shi.

Na san abin da na taɓo. Amma Baba, ni ke tsaye a ƙofar ɗakin haihuwa a asibitin nan duk damina. Idan kogin Kamla ya cika ya yanke hanya, a kwale-kwale ake ɗauko matan garinmu, daga nan a sa su a amalanken shanu, wasu kuwa sai dai mu rufe musu ido. Bara da hannuna na karɓi matar Bisesar masunci, ta riga ta yi sanyi, jaririn ma haka. Tare muka yi wasan 'yar tsana da ita a bakin tafki.

Makarantar kuwa, ɗalibinka na ƙarshe ya tafi birnin Kalkata tun kafin in gama karatu. Ba kowa a ciki sai kai da littattafan ganyen giginya da jemagu.

Dagaci ya ce bayan bikin Holi za a tara mutane a ɗaga hannu. Zan zo. Ina roƙon kada ka ɗauke ni maƙiyiya.

'Yarka mai biyayya,
Kalindi

*

Belauna, watan Fagun

Zuwa ga Kalindi, tsawon rai da albarka.

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta har zuwa inda kika rubuta "mai biyayya", na nuna wa gwaggonki muka yi dariya. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta.

Ban ɗauke ki maƙiyiya ba. Na ɗauke ki abokiyar muhawara, wannan kuwa matsayi ne da ban taɓa bai wa dagaci ba.

Matsayina ga shi. Ɗakin nan ba zai zama wurin shan magani ba. Kakana ya gina shi, ubana ya koyar da ilmin hujja a cikinsa, ni ma na koyar. Akwai littattafai a ciki da ko a Banaras, birnin malamai, ba su da irinsu. A nan ne mutum ke shan kaye ya tashi da mutuncinsa a jikinsa. Idan an rufe shi, garin nan zai gane abin da ya rasa, amma a makare.

Batun ɗaga hannu kuma, ban yarda ba. Wannan ƙidayar hammata ce. Kin manta taron da aka yi a kan wanda zai kama kifin tafki? An ɗaga hannuwa, daga baya aka ɗaga sanduna, 'yan sanda suka zo suka cinye kajin garin kaf. Idan za a raba ni da ɗakin kakana, a raba ni da shi ta hanyar da aka koyar a cikinsa.

Kin san hanyar, da ita aka raine ki. A gidan nan ko a kan gishirin miya aka saɓa, ba mai ba da amsa sai ya maimaita maganar ɗan'uwansa tukuna, ya gyara ta, ya ƙarfafa ta inda ta yi rauni, har mai ita ya ce "haka na ce". Wanda ya kasa maimaitawa ya faɗi tun bai buɗe baki ba. Wanda alƙali ya tambaya sau uku bai sami amsa ba, shi ma ya faɗi. Ba tafi, ba ihu. Bayan an gama, wanda ya yi nasara shi zai zuba wa wanda ya faɗi abinci da hannunsa, kuma wanda ya faɗi ke fara ci. Na gaya wa dagaci, ya yarda majalisa ta bi abin da muhawarar ta bayar, ina jin don ya huta da mu.

Alƙali zan kira abokina Pandit Tarakeswar, babban malami irina, daga Banaras. Ya tsane ni daidai gwargwado, don haka zai yi adalci.

To, fara gwadawa. Me na ce?

Uwa Bagawati, abar bautar gidanmu, ta tsare ki.
Ubanki, Durgananda Takur

*

Darbanga, watan Cait

Baba, ina taɓa ƙafafunka.

Na karɓi muhawara, kuma na ji daɗin matsayin da aka ba ni, na fi dagaci. Amma ni ma ina da sharuɗɗa.

Ba Sanskrit, tsohon harshen littattafanku. Na sha ganin yadda kake yi: da an matsa ka sai ka jefo baiti mai tsawo, kowa ya sunkuyar da kai don kada a gane bai gane ba. Da Maitili za mu yi, harshen da ake sayen kifi da shi, ta yadda Sukni ungozoma za ta iya cewa ƙarya ne idan ƙarya ne.

Kowa zai zauna ya ji, mata da masunta da masu wanki, domin su abin ya shafa. Idan makarantar ba za ta ɗauke su ba, a yi a gindin babban mangwaro na bakin tafki.

Pandit Tarakeswar ina girmama shi, amma zai yi gyangyaɗi, in ya farka ya yanke hukunci a kan wata rigimar da kuka yi tun ban zo duniya ba. Gwaggo Fulmati za ta yi alƙalanci. Yayarka ce, ita ta goye ka, ita ta goye ni, ba ta tsoron ko ɗayanmu.

Yanzu ga maganarka. Ka ce ɗakin gadon kakanni ne, amana ce a wuyanka, kuma littattafan da ke ciki ba su da na biyu, idan aka fitar da su danshi da gara za su cinye su. Garin da ya zubar da iliminsa don biyan buƙatar yau zai wayi gari bai san ko shi waye ba. Na ma ƙara mata nauyi fiye da yadda ka kawo ta.

Haka ka ce?

'Yarka,
Kalindi

*

Belauna, watan Cait

Kalindi, albarka.

Na yarda da sharuɗɗanki duka, har da na gwaggonki, ko da yake tun da ta ji labari take tafiya a tsakar gida kamar an naɗa ta sarauta.

Ba haka na ce ba. Kin ɗauki ɓawon kin bar ƙwayar. Littattafai akwatin ƙarfe da ganyen dalbejiya sun ishe su, ko a ƙarƙashin gadona za su zauna lafiya. Kin karanta wasiƙata kina neman inda za ki sara, shi ya sa kika zaɓi maganar da ta fi sauƙin sarewa. Sake karantawa.

Ubanki

*

Darbanga, watan Cait

Baba, gaisuwa da girmamawa.

Na sake karantawa. To bari in faɗi wadda ba ka rubuta ba. Kana tsoron idan aka cire sunan makarantar daga bangon nan, ba wanda zai tuna an taɓa yin Pandit Durgananda a Belauna. Ba laifi ba ne, kowa yana da irin wannan tsoro. Amma mata na mutuwa a kan hanya.

Haka ne, ko?

Kalindi

*

Belauna, watan Baisak

Ke Kalindi,

Gwaggonki ce. Albarka dai na sa miki, amma da kina kusa da sai na ja kunnen nan naki tukuna. Wace irin wasiƙa ce kika aiko wa ubanki? An ce ki maimaita maganar mutum, ke kuma kika leƙa cikin cikinsa kika zo kina ba mu labari. Ya karanta, ya ninke, ya ƙi cin abincin rana. Ya daina ce miki Buci, yanzu sunanki a gidan nan "ɗaya ɓangaren". Ya ce in gaya miki ba haka ya ce ba, shi ba zai ɓata tawada ba.

Ni alƙali ce, ba zan ba ki amsa ba. Amma ba wanda ya hana ni ba 'yar ƙanina labarin gari.

Kin san abin da ubanki ke yi tun da ya karɓi wasiƙarki ta farko? Ya tafi gidan Sukni ungozoma, shi Pandit guda, ya zauna a kan tabarmarta yana tambayarta yadda naƙuda take zuwa. Ta ce masa, "Pandit, da girmanka? Matarka ta haihu kana can kana musu da mutanen Banaras, sai yau ka tuna?" Ya haɗiye, ya ci gaba da tambaya. Ya je wurin Bisesar, suka daɗe a bakin ruwa. Shekaranjiya kuma ya sa aka shimfiɗa shi a amalanken shanu, a kwance, aka ja shi har bakin titi, wai yana so ya ji abin da mai ciki ke ji a ramukan hanyar. Duk gari sun fito kallo. Ya dawo ba ya iya miƙe baya, ni na sha gasa shi da ruwan zafi ina zaginsa. Ya ce ba zai tsaya gaban mutane ya faɗi maganar 'yarsa rabi-rabi ba.

Ke fa, me kika yi don ki ji tasa? Kin ce ba kowa a makarantar sai jemagu. Ke da kike zuwa biki ki kwana biyu ki gudu, ina kika sani? Jiya ma 'ya'yan marigayi Kamalkant ne a ciki, waɗanda suka kusa sare juna a kan iyakar gona. Ubanki ya hana kowa magana sai ya faɗi ta ɗan'uwansa. Babban ya yi ta gumi kafin ya iya. Ƙaramin ne ba shi da gaskiya, ya kuma yarda da bakinsa, yayansa ya zuba masa kindirmo, suka fita tare suna zagin shanun maƙwabci. Kusan kowane mako ana irin wannan, ni ke dama kindirmon.

Ba na goyon bayan kowa. Muhawarar ranar Lahadin ƙarshen wata ce, ki zo da wuri, ki taho mini da maganin tari.

Gwaggonki, Fulmati

*

Belauna, watan Jet

Zuwa ga Pandit Tarakeswar Misra, a Banaras. Gaisuwa irin ta tsofaffin abokan faɗa, da fatan haƙoran da suka rage suna nan.

Ka zauna kafin ka karanta. An kayar da ni.

Na gaya maka a baya rigimar da ke tsakanina da 'yata Kalindi a kan makarantar kakana. An yi muhawarar a gindin mangwaro, duk Belauna na zaune, yayata Fulmati a tsakiya da sandarta. Ni na fara maimaita maganar yarinyar. Ba yabon kai ba, na yi mata adalci. Na faɗi kwale-kwalen, na faɗi ramukan hanya ɗaya bayan ɗaya domin bayana ya san su, na faɗi abin da Bisesar masunci ya gaya mini matarsa ta ce a cikin amalanke. Na ce garin da ya san ruwa zai zo duk shekara, yana da ɗaki a kan tudu, ya bar matansa suna haihuwa a kan hanya, ba shi da bakin kiran kansa garin masu ilimi. Na juya na ce, "Haka kika ce?" Ta ce, "Haka na ce, Baba."

Sai ta tashi. Sau biyu ta gwada tawa a wasiƙa ta kuskure, na ɗauka a nan za ta faɗi, har na fara jin tausayinta. Ta ce: "Baba ya ce kowane gari yana buƙatar wuri ɗaya da mutum zai shiga da rigimarsa, a saurare shi har ƙarshe, a nuna masa bai da gaskiya, ya fito bai zama abin dariya ba. In babu wurin, wanda ya faɗi ba shi da abin yi sai sanda ko ofishin 'yan sanda. Baba bai ce ran mace bai kai bango ba. Ya ce ɗakin nan ma rayuka yake cetowa, sai dai ba a ganinsu, domin faɗan da aka kashe a ciki ba wanda ke ƙirga gawarsa."

Tarakeswar, tun da nake ba wanda ya taɓa faɗin maganata fiye da yadda zan faɗe ta sai ranar nan. Na ce, "Haka na ce."

Nan wuri ya rikice. Mutanenmu ba su saba jin mutum ya yi wa abokin hamayyarsa aiki haka ba. Wani tsoho ya ce, "Shi ke nan, ita ma ta bi ubanta!" Wata daga baya ta ce, "To me ya kawo mu rana?" Dagaci ya miƙe yana kakkaɓe zanensa, ya ce tunda yarinya ta sauko, ɗaki ya zauna yadda yake. Nasara ta zo hannuna a kyauta, kuma ba zan ɓoye maka ba, na so in rufe hannun. Amma na ga fuskarta. Na ce, "Dagaci, koma ka zauna. Wannan tawa ce ta faɗa, ba ta fara tata ba." Fulmati ta buga sanda a ƙasa ta ce duk wanda ya ƙara tari sai ta kore shi.

Kalindi ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ce duk abin da na ce gaskiya ne, ba ta da ja a kai. Sannan ta tambayi Sukni ungozoma ko ta taɓa shiga makarantar. Sukni ta ce, "Ni? Ko matakalar ban taɓa takawa ba." Ta tambayi Bisesar, ya ce su daga waje suke tsayawa in an kira su. Sai ta juyo gare ni. Ta ce, "Baba, dubi inda muke. Rigima mafi girma da garin nan ya yi, yau ake yin ta da dokarka, ba sanda, ba zagi, kuma har da mutanen da ɗakin bai taɓa ɗauka ba. Abin da kake karewa yana nan tare da mu a gindin bishiya. Muhawara ba ta buƙatar bango. Mai naƙuda ce ke buƙatarsa."

Na shaƙi garin taba, na laluba. Na nemi rami a hujjar ta gaba, na nema ta baya, irin neman da kai ka san na iya. Baiti uku na Sanskrit suka zo mini har baki, na tuna na yi alkawari, kuma gaskiya ko na faɗe su hayaƙi ne kawai. Fulmati ta ce, "Durga, kana da amsa?" Ta sake tambaya. A na ukun ta sassauta murya, abin da ba ta taɓa yi mini ba tun muna yara. Na ce, "Babu, Yaya."

Ba wanda ya yi tafi. Aka shimfiɗa ganyen ayaba, 'yata ta durƙusa ta zuba mini bugaggiyar shinkafa da kindirmo da mangwaro, hawaye na ɗiga. Na ce mata ta ƙara, wanda ya faɗi ba ya cin kaɗan. Na cinye tas a gaban kowa.

Ranar da na kwashe littattafan na ji zafi, ba zan yi maka ƙarya ba. Na tsaya a inda ubana ke zama, ƙafafuna suka ƙi fita. Har yanzu in na ga an shafe bangon da farar ƙasa sai in kau da kai.

Amma ka ji wannan da kyau. Kai da dukan malaman Banaras kun tsufa kuna neman bayana ya taɓa ƙasa, ba ku samu ba. Wadda ta yi shi a gidana aka haife ta, a kan tabarmata ta koya, kuma sai da ta ɗaga maganata sama da inda ni na kai ta kafin ta kayar da ita. Cikin ɗalibanka akwai mai irin wannan? In akwai, turo shi, akwai wuri a gindin mangwaro.

Abokinka da ba ka taɓa kayarwa ba,
Durgananda

*

Belauna, watan Sawan

Buci, albarka mai yawa.

Kogin Kamla ya cika, hanya ta yanke. Jiya da hantsi ƙanwar Bisesar ta haihu a ɗakin, daidai kusurwar da kakanki ke zama. Mace aka samu, uwa lafiya. Daga bakin tafki na jiyo kukanta, ta kawo hujjarta da ƙarfi, ba wanda ya iya ba ta amsa.

Ina bakin tafkin ne domin Sukni da surukarta sun kawo mini rigima a kan akuya. Sukni ta maimaita maganar yarinyar daidai tun a karon farko, abin da wasu masu karatun asibiti sai a na uku suka iya. Ruwa ya sauko muna tsakiya, ba wadda ta yarda ta tashi, muka jiƙe sharkaf mu uku.

Saboda haka ina da ja. Kin ce muhawara ba ta buƙatar bango, na yarda. Ba ki ce komai a kan rufi ba. Ki aiko mini da laima, babba, wadda za ta ɗauki mutum uku.

In kina da amsa, kin san doka. Maimaita maganata tukuna.

Ubanki